Ranar da Ladidi Ta Buɗe Sikeli

Idan ka bi hanyar Malumfashi daga Funtua, kafin gidaje su ƙare gonaki su fara, akwai wani kamfanin sayen hatsi mai doguwar katanga. Yana da suna a rubuce a jikin ƙofa, dogon suna na Turanci, amma babu mai wahalar da bakinsa da shi. Kowa Sikeli yake ce masa, saboda ƙaton ma'aunin da mota ke hawa da kayanta a auna ta. A ofishin farko, bakin taga, nan teburin Malama Ladidi yake, kuma nan yake tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin.

'Yar Matazu ce. Ran Lahadi aka haife ta, shi ya sa Ladidi ya bi ta har ya danne Zaituna, sunan da aka yanka mata rago da shi. Mahaifinta Malam Sada malamin awon auduga ne, aiki ya kawo shi Funtua tana 'yar shekara bakwai. Shi ya kai ta makarantar koyon tafireta, dangi na ta surutu wai me mace za ta yi da injin ƙwanƙwasa. Ya ce yatsunta dogaye ne, kada a yi asararsu. Tana da shekara ashirin da huɗu ta shiga Sikeli. Ta yi aure tana nan, ta haifi 'ya'ya biyar tana nan, mijinta ya rasu ta fita takaba ta dawo kan teburin nan. Shekara talatin da ɗaya, babu takardar ɗaukar aiki ko ta gargaɗi ko ta sallama da ta fita daga kamfanin ba ta bi ta ƙarƙashin yatsunta ba.

Gajeruwa ce, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ta da yawan magana, amma idan ta yi guda ɗaya sai a wuni ana juya ta. Ba ta kallon haruffa idan tana bugawa. Za ta gaisa da kai, ta tambayi jikin mahaifiyarka, ta yi wa mai gadi faɗa a kan ƙofar da ya bari a buɗe, yatsun na can suna aikinsu.

Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon manaja daga Kaduna, Alhaji Almustapha. Ba mugun mutum ba ne, a yi masa adalci. Sai dai yana da son sabon abu, kuma duk abin da ya tarar a wuri yana yi masa kallon abin da ya kamata a canza. Shi ya ce a haɗa kwamfutocin kamfanin wuri guda, na Funtua da na rassan Danja da Mahuta, har da sikelin kansa. Wanda aka ba aikin shi ne Onyekachi, ɗan Romanus mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa. A Funtua aka haife shi, kuma idan yana magana a bayan labule za ka rantse Bakatsine ne. Ladidi ce ta buga masa takardar neman shiga makarantar kimiyya yana saurayi, don haka Mama yake ce mata, ita kuma ta ce masa Kachi.

Kachi ya ajiye wata babbar kwamfuta a ɗaki mai sanyi, ma'aikata suka sa mata suna uwar kwamfutoci. A cikinta akwai kundin sunaye. Duk wanda zai taɓa wata kwamfuta ta kamfanin sai ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, uwar ta duba kundin, in ta gan shi ta buɗe masa. In ba ta buɗe ba, sikeli ba zai nuna nauyi ba, tikitin awo ba zai fito ba.

Ladidi ta koyi buga wasiƙa a kwamfuta cikin mako guda, ta lulluɓe tafiretarta da tsohon zane ta tura ta ƙarƙashin tebur. Amma kundin nan ya tsaya mata a rai. Ita da ta yi shekaru tana riƙe da fayil ɗin kowa, a ce akwai wani jerin sunaye a gidan da ba ta san inda yake kwana ba? Wata rana Kachi ya zo gyara, ta tare shi da kwanon dambu.

"Kachi, wannan littafin naka na sunaye, ta ina ake shigarsa?"

"Mama, mi za ki yi da shi? Aikin injiniyoyi ne."

"Ci dambunka, ka nuna mini."

Ya ci, ya nuna mata. Dama ya gaji da a riƙa kiransa daga shagonsa duk lokacin da wani ya manta kalmar sirri. Ya sa manhajar buɗe kundin a kwamfutarta, ya yi mata suna na biyu mai izinin shiga, ya rubuta kalmar sirrinsa ya rufe a ambulan. Ita kuma ta rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin littafinta mai baƙin bango. Da Kachi ya gaya wa manaja, Alhaji Almustapha ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mai tafireta ka ba? To, ai na ɗan lokaci ne."

Ladidi ba ta gane ɗan lokacin nan ba sai a watan Agusta. Manaja ya kira ta ofishinsa, ya ba ta kujera, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce yanzu kowa na buga wasiƙarsa da kansa, kamfani ba ya bukatar mai buga takardu. Ƙarshen Disamba za ta ajiye aiki. Ya ce ya riga ya sa Kachi ya ɗora ranar a kan sunanta a kundi. Abin da ya fi ciwo, da aka zo rubuta takardar sallamar, babu wanda ya san yadda ake tsara ta. Ita aka ba ta buga. Ta buga ba kuskure ko ɗaya, ta kai masa ya sa hannu, ta huda ta ta sa a fayil ɗinta. Sannan ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta dawo. Ba ta gaya wa 'ya'yanta ba. Kullum da safe idan ta zauna sai ta shafa gefen teburin inda gwiwar hannunta ta goge fenti.

Sikeli yana da tsarinsa tun fil azal. Malaman awo ba ma'aikatan shekara ba ne. Da ruwan farko ya sauka a watan Mayu, sai a rufe ma'auni kowa ya kama hanyar gonarsa, ba a sake ganinsu sai kaka. Bana ce kaka ta farko da za a buɗe da sikeli a haɗe da uwar kwamfutoci tun daga ranar farko, manaja kuwa ya sa an yi shela har a rediyo.

Litinin ɗin tsakiyar Oktoba, tun kafin ƙarfe takwas layin motoci ya kai bakin titi ya karya kwana. Akwai tirela, akwai a-kori-kura, akwai amalanke, akwai mai buhu biyu a bayan babur, yawancinsu waken suya ne da masara. Malaman awo goma sha huɗu sun dawo, sun yi baƙi sun rame, tafin hannu duk kanta: takwas a Funtua, uku-uku a Danja da Mahuta. Babbansu Manu, mutumin Mahuta, ya zauna a ɗakin sikeli ya yi bismillah ya rubuta sunansa. Kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Dogo ya ture shi ya gwada nasa, ta ƙi. Kafin a jima waya ta shigo daga Danja, wata daga Mahuta, duk magana ɗaya.

Aka kira Kachi, wayarsa a rufe. Mahaifinsa Romanus ya rasu makon da ya wuce bayan shekara hamsin a Funtua, an tafi da gawarsa Gabas, ƙauyen nasu kuwa babu sabis. Manaja ya kira wani injiniya a Kaduna, ya ce sai gobe da yamma. Wani ya ce a auna a rubuta da hannu, aka tuna masa cewa an cire tsohon agogon sikelin, nauyi ba ya fitowa sai a fuskar kwamfuta.

Wajen ƙarfe goma hadari ya fara haɗuwa a gabas, irin na ruwan bankwana da ke zuwa babu sallama. Yawancin motocin ba su da tamfol, kuma kowa a layin ya san abin da ruwa ke yi wa waken suya a buhu. Manoma suka taru a bakin taga suna ɗaga murya. Alhaji Almustapha ya cire hula ya mayar, ya cire ya mayar, yana safa da marwa da waya biyu a hannu.

Ladidi ta shanye sauran shayinta. Ta buɗe jaka ta ciro ƙaramin littafin da ambulan ɗin. Sau biyu kawai ta taɓa shiga kundin, kuma duka Kachi na tsaye a kanta.

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni izini, zan duba."

Ya kalle ta, ya kalli hadarin ta taga. "Duba, Malama. Duba ko mene ne."

Ta fita daga sunanta na kullum ta shiga da na biyun. Ta danne maɓalli mai hoton taga ta haɗa da harafin R, ƙaramin akwati ya fito a ƙasan allo. Ta buga dsa.msc, ta danna. Shiru. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, manaja na numfashi a saman kanta, Manu ya leƙo ta ƙofa. Sai ga kundin ya buɗe. A hagu ga rassan kamfani a jere, ta taɓa na malaman awo, sunaye suka zubo a dama. Kowane suna da ɗan hoton mutum a gefensa, kuma kowane hoto da 'yar kibiya mai kallon ƙasa.

Ta juya shafi a littafinta. Ga shi da rubutunta: kibiya ƙasa, an rufe mutum. A ƙasan wannan akwai wata magana da Kachi ya faɗa a tsaitsaye ranar dambu, ita kuma ta rubuta don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ya sa wa uwar kwamfutoci doka: duk wanda ya yi kwana casa'in bai shiga ba, ta rufe shi, wai haka ake yi a manyan ofisoshi.

Duk da halin da ake ciki sai da dariya ta kuɓuce mata. "Kwana casa'in! Allah sarki Kachi. An haife shi a Funtua, amma bai taɓa riƙe fartanya ba. Ranka ya daɗe, mutanen nan wata biyar suka yi a gona. Tun ana maimai uwar ta ɗauka sun bar aiki."

"Ana iya buɗewa?"

"Ana iyawa."

"To buɗe su duka! Yanzu-yanzu!"

"A'a."

Shekara uku babu wanda ya ce wa Alhaji Almustapha a'a kai tsaye haka.

"Suna arba'in da uku ne a nan," in ji ta, "mu kuwa sha huɗu muke da su. Lokacin da Kachi zai zuba sunaye, kai ka ce a ba shi akwatin fayil gaba ɗaya don sauri. Akwai wanda ya rasu a ciki, akwai wanda ya bar gari, akwai wanda aka kora. Ba zan buɗe wa korarre ƙofar sikeli ba."

Manaja ya ja linzamin kwamfutar daga hannunta. "To a fara da Manu." Ya gangara ƙasa, ya hau sama. Babu Manu. Ya nemi Dogo, babu. Ya nemi Bature, ya nemi Ɗanjuma, ya nemi Nagona, babu ko ɗaya. Kachi da sunayen takardar makaranta ya yi aiki, manaja kuwa shekara uku yana kiran mutanensa da sunan da gari ke kiransu. Abin da ke gabansa Muhammadu goma sha ɗaya ne da Usman shida, wasu har sunan uba ɗaya, sai lamba a ƙarshe ta raba su.

"Manu, mene ne sunanka na gaskiya?"

"Usman Bello, ranka ya daɗe."

"Akwai Usman Bello biyu. Na ɗaya ne kai ko na biyu?"

Manu ya sosa ƙeya. "Wallahi da na rubuta a takarda. Tana aljihun rigar noma, uwargida ta haɗa da wanki. Ɗazu ma duka biyun na gwada."

Alhaji Almustapha ya saki linzamin a hankali, ya matsa gefe.

Ladidi ta gyara zaman tabarau. "Na biyu ne. Na ɗaya shi ne wanda aka kama yana rage wa manoma awo shekara tara da suka wuce, ni na buga takardar korarsa ranar wata Alhamis. Ya riga ka shiga aiki da shekara biyu, shi ya sa fayil ɗinsa ke gaban naka." Ta danna sunan da gefen dama na linzami, ta zaɓi buɗewa, 'yar kibiyar ta ɓace. Ta sa masa sabuwar kalmar sirri, ta rubuta a guntun takarda ta miƙa masa. "Jeka gwada."

Manu ya fita da gudu, mutum mai shekara hamsin. Ita ba ta jira ba. Dogo, Muhammadu Lawal na uku. Bature, Abdulƙadir Isa, ɗan farin malamin nan na Danja. Ɗanjuma, Muhammadu Sani na biyu, don na ɗaya ya koma Zariya tun auren ɗiyarsa. Tana faɗa tana buɗewa, ba ta duba fayil ko ɗaya ba. Da ta iso kan wani suna sai ta dakata, ta ce, "Allah ya jiƙanka, Malam Haruna," ta bar masa kibiyarsa ta wuce.

Tana kan mutum na biyar aka ji ihu daga waje. Tirelar farko ta hau sikeli, nauyi ya fito, injin tikiti ya yi ƙara ya tofo takarda. Direbobi suka dinga danna oda, manoma na kabbara, wani dattijo ya zo bakin taga ya ɗaga mata hannu biyu bai ma san me ta yi ba. Kafin ƙarfe sha ɗaya ta buɗe sha huɗun, ta kira Danja da Mahuta ta karanta wa kowa kalmarsa. Manaja ya tattare babbar riga ya fita yana nuna wa motocin da ba su da tamfol su sha gaba.

Ofis ya rage ita kaɗai. Za ta rufe kundin ke nan sai hannunta ya kai ta rukunin ma'aikatan ofis. Ta gangara har ƙasa. Suna na ƙarshe a jerin shi ne Zaituna Sada. Ta buɗe shi. Ga ranar nan a rubuce, talatin da ɗaya ga Disamba, a wurin da ake sa ranar ƙarewar suna. A samanta akwai wani ɗan da'ira, wanda in aka danna shi sunan ba shi da ranar ƙarewa. Dannawa ɗaya ce, kuma babu kowa a ɗakin. Ta daɗe tana kallonsa. Tana son teburin nan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma amana Kachi ya ba ta don ta buɗe wa mutane, kuma wanda ya sa ranar yana nan da ransa a tsakar gida. Ta rufe kundin ta koma sunanta na kullum.

Ruwan bai sauko ba sai bayan la'asar, lokacin buhun ƙarshe na motocin da ba su da rufi ya shiga sito. Ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Alhaji Almustapha ya shigo a jiƙe, hula a hannu, ya tsaya gaban teburinta. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Hajiya Ladidi." Ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma bai taɓa kiranta haka ba. "Ranar nan da na sa Kachi ya ɗora a kan sunanki. Ana iya cirewa?"

"Ana iyawa, ranka ya daɗe."

"To ki cire. Kuskure na yi. Ki yi haƙuri."

"A rubuce."

"Na'am?"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa canza komai a fayil ɗin wani ba sai da takarda da sa hannu. Ba zan fara a kan nawa ba."

Sai ya yi dariya har da riƙe tebur. "To wa zai buga takardar?"

Ita dai ta riga ta sunkuya tana janyo tafireta daga ƙarƙashin tebur. Ta yaye zanen, ta hure ƙurar, ta zura takarda biyu da kabon a tsakani. Ya faɗa tana bugawa, inda ya yi tuntuɓe ta gyara masa ba tare da ta ɗaga kai ba. An soke takardar watan Agusta. Daga yau Zaituna Sada ce mai kula da kundin sunayen kamfani. Ita ta ƙara layin ƙarshe da kanta, cewa idan Onyekachi ya dawo a yi masa ta'aziyya, sannan ya cire wa malaman awo dokar kwana casa'in. Ƙarar tafiretar ta cika ofishin, ma'aikata suka taru a ƙofa, wasunsu ba su taɓa jin kukan tafireta ba.

Manaja ya sa hannu, ya buga hatimi. Ta huda takardar ta ɗora ta a kan ta sallama. Sannan ta juya ga kwamfuta, ta sake shiga da suna na biyun, ta danne maɓalli mai hoton taga da R, ta buga haruffan nan idonta na kan ruwan da ke zuba a tsakar gida. Ta gangara zuwa suna na ƙarshe, ta danna ɗan da'irar, ranar Disamba ta dushe. Ta dubi yatsunta, dogaye, sun fara tattarewa a gaɓoɓi, ta tuna Malam Sada. Wannan karon ba ta je banɗaki ba, a nan kan teburin hawayen daɗi suka zubo mata gaban kowa.

Manu ya leƙo ta taga da buhu a ka saboda ruwa. "Malama, ashe baɗi ma ke za ki buɗe mu?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta mayar da tabarau.

"In Allah ya kai mu, ina nan. Kai dai ka kawo mini takardar kalmar sirrin nan in ajiye maka kafin ka tafi gona."